Haruffa Masu Ƙaya

Muminu tela ya shigo shagona bayan la'asar,
da guntun zare maƙale a hularsa.
Ya ce allon shago yake so,
amma da rubutun nan na saman takardar shaida,
wanda sai mutum ya gyara tsayuwa kafin ya karanta.

Na gane su.
Baƙaƙen nan masu faɗin kafaɗa,
masu ƙaho, masu ƙaya kamar aduwa,
waɗanda ko gaisuwa aka yi musu
da ka suke amsawa.

Na buga sunansa a kwamfuta, sai ga shinge.
In ka cire babban baƙin farko,
sanduna goma ne a jere,
babu ƙofa, babu taga,
sai ɗigo ɗaya tal a sama
kamar tsada a kan danga.

Ya matso. Ya ja baya. Ya karkata kai.
Ya ce, "Kai, ya yi kyau!
Me aka rubuta?"

Dariyar da na yi ba tawa ba ce,
ta Baba Tanimu ce, a rumfarsa ta Fagge,
inda na yi shekara huɗu ina wanke buroshi da kananzir.
Da reza yake yanke bakin buroshi a karkace,
ya ja layi ɗaya a bayan babbar mota,
ya sauko da kauri, ya juya da siriri,
hannu bai ko girgiza ba.

Shi ya ce mini waɗanda suka ƙago shi
a kan fata suke rubutu, fata kuwa da tsada,
sai suka matse haruffa
kamar fasinjan motar Wudil ranar Juma'a.
Ban san inda ya ji ba.
Amma wata rana ya buɗe gafakar mahaifinsa,
ya nuna mini ajami, baƙi wuluk, mai kauri,
da alƙalamin karan da aka fiƙe a karkace.
Ya ce, "Duba. 'Yan'uwa ne da ba su taɓa gaisawa ba.
Ɗaya ya nufi gabas, ɗaya yamma,
amma wuƙa ɗaya ta yi musu baki."

Dokarsa ba ta da yawa.
Kanwa ce, in ji shi, ba gari ba:
kalma ɗaya, in ta yi tsanani biyu.
Kada ka rubuta lambar waya da shi,
kada ka jera manyansa su kaɗai,
zakaru ne, ba sa zama akurki ɗaya.
Wani ya taɓa buga katin ɗaurin aure da shi kaf,
ango na jira a Gwammaja,
rabin jama'a na Gwale suna tambayar gida.

Na faɗa wa Muminu wannan.
Ya yi shiru, ya ciro zaren daga hularsa,
yana naɗe shi a ɗan yatsa.
Can ya ce, "Ai mu ma haka ne.
A wuya ake aiki, da bakin aljihu.
Wa ya taɓa yi wa hammata surfani?"

Sai na bar masa baƙin farko da ƙayarsa duka,
har na ƙara masa wutsiya.
Sauran biyar na tuɓe musu kaya,
na ba su fili su sha iska.

Yanzu allon na nan a Ƙofar Wambai,
tsakanin mai robobi da mai gyaran zip.
Jiya na wuce a a-daidaita-sahu,
direba na gudu kamar an biyo shi bashi,
na ɗaga kai, na karanta shi tsaf
kafin kwana ta haɗiye shi.
Jarrabawar Baba Tanimu ke nan, ba shi da wata.

Ban tsaya ba.
Cikon kuɗina, dubu ɗaya da ɗari biyar,
na bar wa wancan harafin ajiya.
Da ganin fuskarsa, ba ya mantuwa.